Robert Koch, Likitan da Ya Gano Ƙwayar Tarin Fuka

Kafin ku karanta tarihin mutumin da wannan darasi ya ƙunsa, ya kamata ku san cutar da ta sa sunansa ya game duniya. Hausawa suna ce mata tarin fuka, wasu kuma su ce tarin tibi. Ku lura, kalmar fuka ita kaɗai takan nufi ciwon ƙirjin nan mai sarƙe numfashi, wato asma. Sai an haɗa ta da tari ake nufin cutar da muke magana a kai. Alamominta ba ɓoyayyu ba ne: tari mai daɗewa, da zazzaɓi, da zufa cikin dare, da rama, wani lokaci kuma kaki da jini. Babu shakka harshenku na gida ma yana da sunan da yake kiranta, domin babu al'ummar da ta ƙyale. Ta yi shekaru dubbai tana kisa ba a san abin da ke kawo ta ba. A Turai likitoci da yawa sun ɗauka gadonta ake yi, saboda sun ga takan shiga gida ta ɗauke uwa da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya raba gardamar wani likita ne Bajamushe mai suna Robert Koch.

An haifi Koch ranar 11 ga watan Disamba na shekarar 1843 a Clausthal, wani ƙaramin gari na masu haƙar ma'adinai a cikin duwatsun Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin ma'adinai ne, shi kuma Robert shi ne na uku cikin 'ya'ya goma sha uku. Ya karanci aikin likita a jami'ar Göttingen, ya gama a 1866. Bayan ya yi aure, ya ɗan yi yawon neman abin kansa a ƙananan garuruwa, ya kuma yi aikin jiyyar sojoji a yaƙin Jamus da Faransa na 1870. A 1872 aka naɗa shi likitan gunduma a Wollstein, garin da yau yake cikin ƙasar Poland.

Duk wanda ya gan shi a Wollstein ba zai ce masa wani abin tarihi zai fito daga hannunsa ba. Likitan karkara ne, yana karɓar haihuwa, yana yi wa yara lamba, yana bin ƙauyuka a keken doki. Ba shi da ɗakin bincike, ba shi da babban malami kusa da zai tambaya. Sai ya raba ɗakin da yake duba marasa lafiya gida biyu da labule, ya ajiye madubin likita a bayan labulen, wato na'urar nan da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma har ido ya gan su. A lokacin ciwon saifa yana ta karkashe tumaki da shanun manoman yankin. Koch ya riƙa tsoma ɗan tsinke a jinin mushen dabba yana cusa wa ɓeraye, ɓerayen su mutu, ya duba jininsu ya ga waɗansu 'yan sanduna iri ɗaya da waɗanda ke jinin dabbar. Ya raini 'yan sandunan a cikin ruwan idon sa, ya ga yadda suke tsiro, da yadda suke dunƙulewa su zama kamar iri, su daɗe a ƙasa suna jiran wata dabbar. A 1876 ya kai sakamakon aikinsa wurin Farfesa Ferdinand Cohn a birnin Breslau, malaman da suka gani suka sallama masa. Wannan ne karo na farko da aka nuna filla-filla cewa wata ƙwayar halitta guda ita ke haddasa wata cuta guda. A 1880 gwamnati ta ɗauko shi daga ƙauye ta kawo shi ofishin lafiya na daular Jamus a Berlin.

Cikin 1881 ya fuskanci tarin fuka. Tun 1865 wani likitan sojan Faransa, Jean-Antoine Villemin, ya nuna cewa ana iya ɗaukar cutar daga mutum a sa wa zomo, amma ba wanda ya taɓa ganin abin da ke ɗauke da ita. Akwai dalili. Ƙwayar tarin fuka siririya ce ƙwarai, jikinta kuma a lulluɓe yake da wani abu mai kama da kakin zuma wanda ba ya barin rini ya kama shi, alhali in ba a rina ƙwaya ba madubi ba ya fito da ita. Koch ya yi ta gwada rini iri-iri har ya dace da wani shuɗi wanda in an gauraya shi da sinadari mai kaifi irin na toka, aka bar shi ya kwana, yakan shiga jikinta. Sai ga su a ƙarƙashin madubi, 'yan sanduna shuɗɗa a cikin naman huhu.

Ganin ƙwaya a jikin majiyyaci bai isa hujja ba, domin mai gardama zai iya cewa cutar ce ta haifi ƙwayar. Dole a raine ta ita kaɗai a wajen jiki, a sa wa lafiyayyar dabba, a ga ko cutar za ta fito. A nan ne haƙurin Koch ya yi masa rana. Yawancin ƙwayoyin cuta kwana ɗaya ko biyu sun isa su cika mazubi. Wannan kuwa takan ɗauki kusan yini guda kafin ɗaya ta rabu biyu. Ya shuka ta a kan ruwan jinin dabba da ya ɗumama har ya daskare, kwana ya bi kwana babu alamar komai. Da wani ne da ya zubar ya sake lale. Shi ya jira, sai cikin mako na biyu 'yan ɓawo-ɓawo suka fara bayyana. Ya ɗebi wannan ya yi wa ɓerayen Masar allura, suka kamu da tarin fuka, ya kuma sake samun ƙwayar a jikinsu.

Da yammacin ranar 24 ga Maris, 1882, ya tsaya gaban wata ƙungiyar masana a Berlin, ya jera madubai da kwalabe a kan tebur domin kowa ya duba da idonsa. Ya tunatar da su cewa mutum ɗaya cikin kowane bakwai wannan cuta ce ajalinsa, sa'annan ya shimfiɗa hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya. Cikin 'yan makonni labari ya kai Landan da New York. Shekarunsa 38 a lokacin. Shekara biyu bayan haka, bayan ya bi annobar kwalara zuwa Masar da birnin Kalkata na Indiya, ya tabbatar da ƙwayar kwalara, ya kuma same ta a wani tafkin da mutanen unguwa ke wanki a ciki suna kuma sha. Ya koma gida aka tarye shi kamar sarkin yaƙi.

Sanin abin da ke kawo cuta daban, samun maganinta daban. A zamanin nan abin da likita zai iya ce wa mai tarin fuka shi ne ya huta, ya ci mai kyau, ya shaƙi iska mai tsabta. Masu hali sukan tafi gidajen jiyya a kan duwatsu, kamar na Davos a ƙasar Suwizalan, su yi watanni ko shekaru a kwance a baranda ana ba su madara da nama. Ma'aikacin masaƙa kuwa in ya kwanta mako guda iyalinsa ba su da na tuwo, saboda haka sai ya ci gaba da aiki yana tari, ya dawo ya kwana ɗaki ɗaya da matarsa da 'ya'yansa. Duniya duka ta zuba wa Koch ido, gwamnatinsa kuma tana son Jamus ta riga Faransa, ƙasar abokin hamayyarsa Louis Pasteur.

A watan Agusta na 1890, a wani babban taron likitocin duniya a Berlin, Koch ya ba da sanarwar cewa ya sami wani abu da ke tsayar da cutar a jikin ɓeran Masar. Kafin shekara ta ƙare an fara yi wa mutane allurarsa. Bai faɗi abin da ke cikin ruwan ba. Dubban majiyyata suka yi tururuwa zuwa Berlin, masaukai suka cika, aka mai da gidajen haya asibitoci, waɗansu likitoci suka riƙa karɓar kuɗi mai yawa a kan kowace allura. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ruwan, wanda aka sa wa suna tubakulin, ba ya warkarwa. Yakan jawo zazzaɓi mai zafi, waɗansu ma ya ƙara hura musu cutar. A farkon 1891 babban malamin nan Rudolf Virchow ya binciki gawarwakin waɗanda aka yi wa allurar, ya nuna cutar tana nan daram, a jikin wasu har ta bazu. Sai a lokacin Koch ya bayyana cewa ruwan tatacce ne daga ƙwayoyin cutar kansu. Takardun da masana tarihi suka tono daga baya sun nuna cewa ya nemi gwamnati ta bar masa shi kaɗai ikon yin maganin da sayar da shi na wasu shekaru, ya kuma lissafa ribar miliyoyi. Wannan shi ne abin da ya fi nauyi a lamarin. Kuskure a bincike kowa na yi, amma ɓoye sirrin magani saboda riba, ana kuwa sa wa mutane shi a jiki, laifi ne da girman suna ba ya wanke shi. Da abin ya ɓaci, Koch ya tafi Masar ya yi 'yan watanni har ƙura ta lafa. Tubakulin bai tashi a banza ba duk da haka: daga baya an gano yana da amfani wajen gwajin fata, don a san ko ƙwayar ta taɓa shiga jikin mutum, kuma har yau ana wannan gwaji.

Mutuncinsa ya taɓu, amma bai faɗi ba. A 1891 aka ba shi shugabancin wata sabuwar cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa, wadda yau ke ɗauke da sunansa. Ya rabu da matarsa ta fari ya auri wata yarinya, Hedwig Freiberg, a 1893, abin da manyan Berlin suka daɗe suna tsegumi a kai. Daga 1896 ya zama matafiyi: Afirka ta Kudu don bushiyar shanu, Indiya don annobar da ɓeraye ke yaɗawa, Afirka ta Gabas da tsibirin New Guinea don zazzaɓin cizon sauro.

Game da tarin fuka, akwai abin da ya gani sarai. A taron Landan na 1901, da kuma laccar da ya gabatar lokacin da aka ba shi kyautar Nobel a 1905, ya nuna cewa ɗakunan talakawa masu cunkoso, marasa iska da hasken rana, su ne matattarar cutar. Ya nemi a tanadi gadajen asibiti ga waɗanda ciwonsu ya yi nisa don kada su harbi iyalansu, a buɗe wuraren duba marasa ƙarfi, a gyara gidaje. (A taron na Landan ne kuma ya ce tarin shanu ba wani haɗari ba ne ga mutane; a nan bai dace ba, domin madarar saniya mai cutar in ba a tafasa ba tana kama yara.) Mutumin da ya koya wa duniya cewa ƙwaya ce ke kawo tarin fuka, shi ne kuma ya yarda cewa talauci ke buɗe mata ƙofa.

To, amma ku dubi yadda wannan mutum ya yi da talakawan da ba na ƙasarsa ba. A farkon ƙarni na 20 ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya kashe mutane wajen 250,000 a kewayen tafkin Biktoriya. A 1906 gwamnatin Jamus ta tura Koch, ya kafa sansani a tsibiran Ssese na ƙasar Uganda. Mutane suka riƙa zuwa ɗari-ɗari, domin ciwon ba ya barin wanda ya kama. Maganin da ya gwada sunansa atoksil, kuma akwai gubar asinik a cikinsa. Yakan kore ƙwayar daga jini na ɗan lokaci, sai ta dawo. Koch ya ƙara yawan abin da ake ɗura wa mutum har giram guda a allura ɗaya. Majiyyata suka sha azaba, waɗansu suka gudu, fiye da ashirin suka makance har abada. Da ya ga haka ya rage awon, amma bai daina yabon maganin ba, har ya ba da shawarar a killace masu ciwon a sansanoni. An kuwa gina irinsu a ƙasashen da Jamus ke mulka, har da Togo da Kamaru. Tun ƙarshen 1900 hukuma a Prussia, yankin da Berlin take, ta hana yin gwaji a jikin mutum sai an yi masa bayani ya yarda. Dokar ba ta biyo Koch ta ƙetare teku ba. Masu kare shi suna cewa ba shi da wani magani da ya fi wannan, kuma gaskiya ne; sai dai da wuya a ce da majiyyatan Jamusawa ne zai yi musu wannan awo ba tare da shawara da su ba.

Ya koma gida a 1907. A watan Afrilu na 1910 ya gabatar da laccarsa ta ƙarshe a Berlin, a kan tarin fuka. Kwanaki kaɗan bayan haka ciwon zuciya ya kwantar da shi, ya rasu a garin Baden-Baden ranar 27 ga Mayu, 1910, yana da shekara 66. Bai ga maganin cutar da idonsa ba.

Maganin ya zo ne shekaru 34 bayan rasuwarsa. An fara allurar rigakafin BCG a Faransa a 1921, wadda har yau ake yi wa jarirai; ku duba dantsenku, wataƙila tabonta yana nan. A 1943 aka gano maganin streptomycin a Amurka, aka fara ba majiyyata a 1944. Isoniazid ya biyo baya a 1952, rifampicin kuma a shekarun 1960. Kafin ma magungunan su zo cutar ta riga ta ja baya ƙwarai a Turai da Amurka saboda gyaran gidaje da ƙoshi da keɓe majiyyata. Da suka zo, sai gidajen jiyyar kan duwatsu suka zama kufai, aka mai da wasu otal.

A sauran duniya labarin dabam ne. Gwajin da ya tabbatar da cewa wata shida sun isa a warkar da mutum in an haɗa da rifampicin, a Afirka ta Gabas aka yi shi cikin shekarun 1970, a jikin majiyyatan Kenya da Tanzaniya da Uganda da Zambiya. Ƙasashe masu arziki suka karɓi sabon tsarin. Ƙasashen Afirka da yawa kuwa, saboda tsadar rifampicin, suka ci gaba da tsarin shekara guda mai ɗauke da wani magani mai araha, thiacetazone, wanda Turai ta daɗe da yin watsi da shi. Da cutar ƙanjamau ta bazu, sai aka ga yana saɓule fatar masu ita, har yana kashe wasu. Duk da haka an kai shekarun 1990 ana ba da shi. A farkon waɗannan shekaru, da tarin fuka mai bijire wa magani ya ɓarke a New York, birnin ya kashe kimanin dala biliyan ɗaya ya shawo kansa. A daidai wannan lokaci ra'ayin da ya rinjaya a tsakanin masu tsara lafiyar duniya shi ne jiyyar irin wannan tari ta fi ƙarfin aljihun ƙasashe matalauta, sai da waɗansu likitoci suka gwada a wata unguwar talakawa ta birnin Lima a ƙasar Peru daga 1996, mafi yawan majiyyatan suka warke, sa'annan aka sake tunani. Bayan rifampicin an yi shekara wajen 40 ba a fito da wani sabon nau'in magani ba, domin kamfanoni ba su ga kasuwa a wurin masu wannan cuta ba. Na farkon da ya fito, bedaquiline, a 2012 aka amince da shi, kuma sai da Indiya ta ƙi tsawaita wa kamfanin da ke yin sa haƙƙin mallaka a 2023 farashinsa ya sauko sosai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka, miliyan 1.25 suka mutu, alhali ƙwayoyin da ke warkar da irin wanda bai bijire ba na tsawon wata shida ba su kai dala 50 ba. Kashi biyu cikin uku na majiyyatan a ƙasashe takwas suke: Indiya, Indunusiya, Sin, Filifin, Pakistan, Nijeriya, Bangaladash da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A Jamus, ƙasar Koch, mutum wajen 5 ke kamuwa cikin kowane 100,000 a shekara. A Nijeriya sun haura 200. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati na ƙasar nan, kuma duk wanda ya yi mako biyu yana tari ana so ya je a duba kakinsa. Amma kuɗin mota, da ranakun aikin da za a rasa, da abincin da mai shan magani ke bukata, duk a wuyan majiyyaci suke, shi ya sa da yawa ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki.

Tun 1982, cikar shekara ɗari da laccar Berlin, aka fara keɓe ranar 24 ga Maris don tunawa da yaƙi da tarin fuka. Tun 2010 kuma akwai na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cikin awa biyu ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifampicin. Tana bukatar wutar lantarki tsayayya da ɗaki mai sanyi. A ɗakunan shan magani da yawa inda babu waɗannan, har gobe ma'aikaci yakan shafa kaki a kan gilashi, ya rina shi, ya sunkuya a kan madubi yana neman 'yan sanduna. Hanyar ta samo asali ne daga gyaran da Paul Ehrlich da Franz Ziehl da Friedrich Neelsen suka yi wa rinin Koch a 1882 da 1883, kuma takan kasa gano kusan rabin masu ɗauke da cutar.